Yadda Ake Gano Dangin Ƙwayoyin Gado na MADS a Cikin Wake, Daga Fure Zuwa Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa shiga gonar wake da sassafe, lokacin da fure yake buɗe kafin rana ta ɗaga ya rufe, ya ga aikin wani dangi na ƙwayoyin gado ko da bai san sunansa ba. Ƙwayar gado guntu ce ta DNA mai ɗauke da umarnin ƙera furotin, kuma irin waɗannan ƙwayoyi ba sa zama ɗai-ɗai, domin da yawansu sun fito ne daga kaka ɗaya ta hanyar kwafi da ya yi ta maimaituwa tsawon miliyoyin shekaru. Waɗanda suka haɗa kaka su ake kira dangi. Dangin da ake kira MADS yana cikin waɗanda suka fi tasiri a kan girman shuka, domin furotin ɗinsa su ne ke hawa kan DNA su kunna wasu ƙwayoyin gado ko su kashe su, kuma ta haka ne ake yanke lokacin da shuka za ta yi fure, da siffar furen, da yadda kwanso da iri za su ginu.

An haɗa sunan MADS ne daga harafin farko na ƙwayoyin gado huɗu da aka fara gano suna kama da juna: MCM1 ta yis, AGAMOUS ta ƙaramar ciyawar nan Arabidopsis, DEFICIENS ta furen Antirrhinum, da SRF ta ɗan Adam. Abin da ya haɗa su shi ne wani yanki na furotin mai amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, kusan 58 wanda bai cika sauyawa ba. Kamar yadda ake gane asalin mutum da tsagar da wanzami ya yi masa a fuska, haka ake gane ɗan wannan dangi da wannan yanki, kuma a nan gaba za mu riƙa kiransa tambarin MADS. Bayanin da ke tafe na ɗalibin kimiyyar tsirrai ne ko mai binciken inganta iri da yake son ya fitar da 'yan wannan dangi daga kundin gadon wake, wato cikakken jerin DNA ɗinsa, ya san wanne ne wanne. Mafi yawan aikin ba ya buƙatar abin da ya wuce kwamfutar tafi-da-gidanka da intanet, amma yana buƙatar haƙuri da duba kowane jeri da ido.

Mataki na farko: a fara da furen kansa

Kafin a taɓa kwamfuta, a samo furen wake guda biyar ko shida da aka tsinka da safe, da reza sabuwa, da hantsaki mai siririn baki, da gilashin ƙara girma, da farar takarda. A riƙa cire sassan furen daga waje zuwa ciki, ana ajiye kowane rukuni a layinsa. Zobe na farko shi ne koren kofi mai haƙora biyar da ke rungume da gindin furen. Zobe na biyu ganyen fure ne masu launi guda biyar: babba ɗaya da ke tsaye a baya kamar tuta, biyu a gefe kamar fukafukai, da biyu na ƙasa da suka manne suka zama kamar kwalekwale. In an tsaga kwalekwalen a hankali za a tarar da zobe na uku, wato sassan namiji guda goma, tara a haɗe ɗaya a ware. A tsakiya kuma akwai sashen mace guda ɗaya, wanda shi ne zai zama kwanson wake.

Dalilin wannan aikin hannu shi ne a fahimci tsarin da Enrico Coen da Elliot Meyerowitz suka bayyana a mujallar Nature a 1991, wanda aka fi sani da tsarin ABC. Bayaninsa shi ne cewa rukunin ƙwayoyin gado na A shi kaɗai yana samar da koren kofi, A tare da B suna samar da ganyen fure masu launi, B tare da C suna samar da sassan namiji, C shi kaɗai kuma yana samar da sashen mace. Bayan haka, A da C ba sa zama wuri ɗaya, don haka idan ɗaya ya lalace ɗayan yakan mamaye wurinsa. A cikin Arabidopsis, idan AGAMOUS, wadda ita ce C, ta daina aiki, ganyen fure ne ke fitowa a wurin sassan namiji, a tsakiya kuma sai wani fure ya tsiro cikin fure, a yi ta ninki ba tare da an sami iri ba. A shekarar 2000 an ƙara gano rukunin SEPALLATA, wanda ake kira E, wanda in babu shi sauran ba sa iya aikinsu yadda ya kamata. Kusan duk waɗannan 'yan dangin MADS ne, in ban da APETALA2, wadda take cikin rukunin A amma ta fito daga wani dangi dabam.

Wanda ya shimfiɗa waɗannan zobe huɗu a kan takarda ya riga ya san tambayoyin da zai yi wa kwamfuta. Wanda bai yi ba, lambobi kawai zai tara.

Mataki na biyu: a sauko da kundin gado

Kundin gadon wake da aka fi aiki da shi na irin IT97K-499-35 ne, wanda Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa ta IITA ta samar, aka kuma wallafa cikakken jerinsa a 2019. Wake yana da kuromosom 11, wato ƙunshin DNA da ƙwayoyin gado ke jere a kansu, kuma an lissafa ƙwayoyin gado masu ƙera furotin kusan 30,000 a cikinsa. Ana samun kundin a rumbun Phytozome, wanda ke buƙatar rajista amma ba a biyan kuɗi. Fayil uku ake buƙata: na jerin furotin, na jerin DNA na kuromosom gaba ɗaya, da fayil ɗin GFF3 wanda ke nuna inda kowace ƙwayar gado ta fara da inda ta ƙare.

A wajen fayil ɗin furotin akwai wurin da ake yawan yin kuskure. Ƙwayar gado ɗaya tana iya fitar da furotin iri biyu ko uku, kuma rumbun yana rubuta su da lamba a ƙarshen suna, wato .1 da .2 da sauransu. Idan aka ɗauki fayil ɗin da ya ƙunshi dukkansu, za a ƙirga ƙwaya ɗaya sau uku, dangin ya kumbura ba gaira ba dalili. Saboda haka a zaɓi fayil ɗin da sunansa ya ƙunshi primaryTranscriptOnly. A kuma rubuta lambar bugun kundin da ranar da aka sauko da shi a littafin aiki, domin ana sabunta waɗannan kundaye, kuma wanda zai maimaita aikin bayan shekara biyu dole ya san wanne aka yi amfani da shi. Sunayen ƙwayoyin gadon wake suna farawa da Vigun, sai lambar kuromosom, sai harafin g, sai lambar wuri, don haka daga sunan kaɗai ana iya sanin kuromosom ɗin da ƙwaya take.

Sai a tanadi abin gwadawa, wato 'yan dangin MADS na Arabidopsis daga rumbun TAIR. An ƙirga 107 a cikinta a wani bincike na 2003, an kuma ƙirga 75 a shinkafa a 2007. Ya kamata a haddace lambobin kaɗan daga cikinsu domin za a riƙa komawa gare su: AGAMOUS ita ce AT4G18960, APETALA3 AT3G54340, PISTILLATA AT5G20240, APETALA1 AT1G69120, FLC AT5G10140, SOC1 kuma AT2G45660.

Mataki na uku: neman tambarin

Hanya biyu ake bi, kuma a bi su duka, domin kowace tana kama abin da ɗayar ta bari. Ta farko ita ce manhajar BLAST, mai gwada jeri da jeri: a mayar da fayil ɗin furotin ɗin wake rumbun bincike da umarnin makeblastdb, sannan a yi amfani da blastp a nemi duk abin da ya yi kama da jerin Arabidopsis 107 ɗin nan. Ta biyu, wadda ta fi ƙarfi, ita ce manhajar HMMER. Ita ba ta gwada jeri da jeri, tana gwada kowane furotin ne da wani ma'aunin lissafi da aka gina daga 'yan dangin masu yawa, wanda ya san wurin da amino asid ba ya sauyawa da wurin da yake da 'yancin sauyawa. Ma'aunin tambarin MADS yana da lamba PF00319 a tarin Pfam, wanda yanzu ake samu a shafin InterPro. A sauko da shi, a sauko da PF01486 kuma, wanda shi ne ma'aunin wani yanki na biyu da ake kira K. Umarnin yana tafiya kamar haka:

hmmsearch -E 1e-5 --domtblout sakamako.txt PF00319.hmm furotin_wake.fa

Lambar da ke bayan harafin E ita ce iyakar da aka saka; kowane sakamako yana zuwa da irin wannan lamba mai nuna sau nawa ake tsammanin samun irin wannan kamanni bisa dace kawai, don haka ƙanƙantarta ita ce ƙarfinta. Waɗanda suka fito da lamba mai ƙanƙanta ƙwarai babu shakka a kansu. Waɗanda ke kusa da iyaka su ne abin lura, kuma kada a zubar da su tun yanzu, a ware su a wani fayil. Mai amfani da Windows da bai saba da rubuta umarni ba zai iya yin duk wannan a cikin manhajar TBtools, wadda take da maɓallai, ko da yake shawarata ita ce ɗalibi ya daure ya koyi umarnin, domin shi ne zai ba shi damar maimaita aikin a kan dawa ko gero ko gyaɗa cikin 'yan mintoci.

Bayan zagaye na farko, a ɗebi waɗanda aka tabbatar, a jera tambarinsu, a gina sabon ma'auni na wake kansa da umarnin hmmbuild, a sake bincike da shi. Wannan zagaye na biyu yakan fito da 'yan dangin da suka yi nisa da na Arabidopsis. Daga nan a yi tblastn, wato umarnin BLAST mai neman kamannin furotin a cikin DNA, a kan jerin DNA na kuromosom, domin manhajojin da suka yi wa kundin alama suna tsallake wasu ƙwayoyin gado, musamman gajeru da ba su cika aiki a ganye ko saiwa ba. Idan aka ga tambarin MADS a wani wuri da fayil ɗin GFF3 bai nuna komai ba, a rubuta wurin, a duba ko cikakkiyar ƙwaya ce ko kuwa ragowar wadda ta mutu ce.

Mataki na huɗu: tantancewa da ido

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi gaggawa. A haɗa sakamakon BLAST da na HMMER, a cire maimaici, sannan a saka kowane jeri a InterPro ko a rumbun CDD na cibiyar NCBI ta Amurka a tabbatar tambarin yana nan. Amma amincewar manhaja ba ta isa ba. A buɗe jerin a karanta. A yawancin 'yan dangin da ke aikin fure, tambarin MADS yana can farkon furotin, kuma sau da yawa yana buɗewa da haruffa irin su MGRGKIEIKRIEN ko abin da ya yi kusa da haka. Wanda ya karanta goma ko ashirin zai fara gane su da kallo ɗaya. Idan aka ga furotin mai amino asid 900 da tambarin a tsakiyarsa, to akwai yiwuwar manhaja ta manne ƙwayoyin gado biyu maƙwabta ta mayar da su ɗaya. Idan kuma aka ga yankin K shi kaɗai babu MADS, a koma kan kuromosom a duba abin da ke gabansa, domin a wasu 'yan dangin akwai doguwar tazara ta DNA tsakanin sashen da ke ɗauke da tambarin da sauran sassan, kuma manhaja takan raba ƙwaya ɗaya gida biyu saboda wannan tazarar.

Sai a raba su gida biyu. Kashi na biyu, wanda ake kira MIKC, yana da yankuna huɗu a jere: M mai kama DNA, I mai taimakawa wajen zaɓen abokin haɗuwa, K mai haɗa furotin da furotin, da C na ƙarshe wanda ya fi kowanne sauyawa. Waɗannan su ne masu aikin fure da lokacin fure, kuma yawanci suna da sassan da ake karantawa, wato ekson, kusan bakwai. Kashi na farko kuwa ba shi da K, yawanci ekson ɗaya ne ko biyu, kuma abin da aka sani na aikinsa ya fi karkata ga ginin ƙwan mace da abincin da ke cikin iri. A Arabidopsis, 39 ne ke cikin babban rukunin MIKC, shida suna cikin wani ƙaramin rukuni mai aiki a garin fure na namiji, sauran kuma kusan duka na kashi na farko ne. A yi amfani da fayil ɗin GFF3 a ƙirga ekson na kowanne, domin idan rabon da aka yi bisa yankin K bai dace da yawan ekson ba, to akwai abin da ya kamata a sake dubawa.

A ƙarshen wannan mataki a kwatanta jimillar da aka samu da 107 na Arabidopsis da 75 na shinkafa. Ba dole ta yi daidai da ko ɗaya ba, amma wanda ya sami 15 ya san ya tsaurara iyaka fiye da kima, wanda ya sami 400 kuma ya san ya kwaso tarkace.

Mataki na biyar: bishiyar nasaba

Jerin sunaye bai gaya wa kowa wacce ce AGAMOUS ta wake ba. Abin da zai faɗi haka shi ne bishiyar nasaba. A haɗa jerin wake da na Arabidopsis a fayil ɗaya, a sauya sunayen na Arabidopsis zuwa sunayen da aka san su da su domin bishiyar ta karantu, sannan a jera su harafi a kan harafi da manhajar MAFFT ko MUSCLE. A buɗe abin da aka jera a duba shi, a yanke gefunan da ba su daidaita ba. Bishiya biyu ya kamata a gina. Ta farko ta dukkan dangin ce, kuma da tambarin MADS kaɗai za a gina ta, domin shi ne kawai abin da kowa yake da shi. Ta biyu ta 'yan MIKC ce zalla, da yankunan M da I da K, kuma ita ce mai amfani sosai saboda haruffan da ta dogara a kansu sun fi yawa.

Ana iya ginawa da MEGA ko da IQ-TREE. Kowacce aka zaɓa, a sa ta maimaita gwajin ƙarfin rassa sau 1,000. A gwajin gargajiya, reshen da ya sami 70 cikin 100 ko fiye ana ɗaukarsa da ƙarfi, amma a gwajin gaggawa na IQ-TREE sai ya kai 95 ake sakin jiki da shi, kuma haɗa waɗannan ma'aunai biyu kuskure ne da ke yawan fitowa a rubuce-rubucen ɗalibai. A ɗora bishiyar a shafin iTOL domin a yi mata launi.

Yanzu sai karatu. A nemi reshen da AGAMOUS take, tare da SEEDSTICK da SHATTERPROOF, a ga 'yan wake nawa ne suka zauna a wurin. A yi haka ga APETALA3 da PISTILLATA na rukunin B, ga APETALA1 ta rukunin A da 'yar'uwarta FRUITFULL, ga SEPALLATA, sannan ga masu kula da lokacin fure, wato SOC1 da SVP da FLC, da kuma reshen ANR1 mai aiki a saiwa. Sau da yawa za a ga biyu na wake a gaban ɗaya na Arabidopsis, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, domin kakan wake da waken soya da gyaɗa ya ninka kundin gadonsa gaba ɗaya kimanin shekaru miliyan 58 da suka wuce. Manhajar MCScanX tana iya nuna ko tagwayen suna zaune a yankunan kuromosom masu kama da juna, wanda ke nuna tsohon ninki, ko kuwa suna jere gefe da gefe, wanda ke nuna kwafi na kusa.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a sani. Arabidopsis ta yi asarar wasu rassa da sauran tsirrai suke da su. Reshen TM6, ɗan'uwan APETALA3, yana cikin tumatir kuma yana cikin Medicago, wadda 'yar dangin wake ce, amma babu shi a Arabidopsis. Haka ma reshen TM8 na tumatir. Saboda haka idan aka ga wani ɗan wake ya tsaya shi kaɗai ba tare da abokin zama daga Arabidopsis ba, kada a yi saurin cewa an gano sabon abu, kada kuma a jefar da shi. A ƙaro jerin tumatir da na waken soya da na Medicago a sake gina bishiyar, galibi sai a ga ya sami 'yan'uwansa.

Game da suna, a riƙe lambar Vigun a matsayin asalin shaida a kowane jadawali. Ana iya ƙara suna irin VuAG ko VuAP1 domin sauƙin magana, amma sai bishiyar ta goyi bayan haka da ƙarfi. Kamannin da BLAST ya nuna a layin farko bai isa a raɗa wa ƙwaya suna ba.

Mataki na shida: ina take aiki, kuma yaushe

Bishiya tana nuna nasaba ne kawai, ba ta tabbatar da aiki. Ɗa yana iya gadon kamannin uba ya bar sana'arsa, kuma tagwayen da suka fito daga ninki sukan raba aikin kakansu a tsakaninsu, ko ɗaya ya yi shiru gaba ɗaya. Don haka sai a koma kan shukar. Hanya mafi arha ita ce amfani da bayanan RNA, wato kwafin saƙon da ƙwayar gado ke fitarwa idan tana aiki, da wasu suka riga suka ajiye a rumbun SRA na NCBI, inda akwai na sassan wake daban-daban. Wanda yake da ɗakin gwaji kuma zai iya aunawa da kansa ta hanyar qPCR, gwajin da ke auna yawan RNA ɗin ƙwaya ɗaya a cikin samfuri.

Idan za a auna, a shuka waken a ɗebi saiwa, ganye, kan tsiro, ƙananan tohon fure, ƙananan kwanso, sannan zoben fure huɗun nan da aka koyi rabawa a mataki na farko, kowanne a bututunsa. A ɗebo daga tsirrai uku daban-daban aƙalla, domin auna samfuri ɗaya sau uku ba maimaici ba ne. A riƙa ɗiba a sa'a ɗaya ta yini, saboda ƙwayoyin gadon lokacin fure suna hawa da sauka tsakanin safe da yamma. RNA ba ta da juriya ko kaɗan, don haka samfurin ya shiga ruwan naitrojin nan take, a adana shi a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ya fi aminci a zuba samfurin a ruwan adana RNA irin su RNAlater, a kuma yi aikin cirewa da wuri, maimakon a dogara da firiza da ke iya narkewa cikin dare.

Wajen zana firama, wato gajerun jerin DNA da ke nuna wa injin ƙwayar da zai ninka, kada a kusanci tambarin MADS, domin 'yan dangin duka sun yi kama a wurin kuma firama ɗaya za ta kama da yawa a lokaci guda. A ɗora ta a yankin C ko a wutsiyar da ba a fassarawa zuwa furotin, a kuma gwada ta da BLAST a kan kundin wake a tabbatar wuri ɗaya ta kama. A auna tare da wata ƙwayar gado mai aiki daidai a ko'ina, kamar aktin ko yubikwitin, bayan an tabbatar ita ma ba ta sauyawa tsakanin sassan da aka ɗebo. Lissafin da aka saba shi ne wanda Livak da Schmittgen suka bayyana a 2001.

Abin da ake tsammani a fili yake. Wadda aka kira AGAMOUS ta wake ya kamata ta fito da ƙarfi a sassan namiji da sashen mace, ta yi shiru a koren kofi da ganyen fure. 'Yan rukunin B su bayyana a ganyen fure da sassan namiji. Idan sakamako ya saɓa wa wannan, a fara zargin gurɓatar samfuri, domin garin fure yana manne wa kwalekwalen furen wake cikin sauƙi. In an sake da tsabta ya sake fitowa haka, to an sami abin da ya cancanci bincike na musamman.

Mataki na bakwai: tabbatar da aiki

Hujja ta ƙarshe ita ce a nuna abin da ke faruwa idan ƙwayar ta ɓace ko aka mayar da ita. Hanyar da aka saba ita ce a ɗauki ƙwayar wake a saka ta cikin Arabidopsis da takwararta ta lalace, ta hanyar tsoma furanninta a ruwan ƙwayar cutar Agrobacterium kamar yadda Clough da Bent suka bayyana a 1998, a ga ko furen zai gyaru. Ana samun irin waɗannan tsirrai daga rumbun ABRC na Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka ko NASC na Notingham a Ingila. A lura cewa shukar da AGAMOUS ɗinta ta lalace ta ɓangaren uwa da uba ba ta yin iri, don haka ana aiki ne da wadda take ɗauke da kwafi ɗaya mai lafiya, a tantance 'ya'yanta daga baya. Arabidopsis kuma tana son sanyin kusan digiri 22, ba za ta rayu a zafin bazarar Kano ko Maraɗi ba sai da ɗaki mai na'urar sanyaya wuri da ba ta yankewa. Ana iya sauya gadon waken kansa, kamar yadda irin SAMPEA 20-T mai jure tsutsar kwanso da aka saki a Nijeriya a 2019 ya nuna, amma aiki ne mai wuya, kuma a Nijeriya ba a fara shi sai da izinin NBMA, hukumar da ke sa ido kan halittun da aka sauya wa gado.

Ga wanda ba shi da waɗannan kayan akwai wata hanya da ta fi kusa da mai inganta iri, wato a nemi bambancin da Allah ya riga ya ajiye a cikin ire-iren da manoma ke shukawa. Haka aka yi da kwakwar manja: manoma sun daɗe da sanin akwai mai kaurin ƙwarya da marar ƙwarya, kuma haɗa su ke ba da mai siririyar ƙwarya da yawan mai, sai a 2013 aka gano ainihin ƙwayar gadon da ke yanke wannan, kuma 'yar reshen SEEDSTICK ce a dangin MADS. A wake ma akwai irin da ba ya fure sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina, akwai kuma wanda ke nuna cikin kwana 60 zuwa 70 ba ruwansa da tsawon yini. Akwai wanda kwansonsa ke fashewa ya zubar da iri, akwai wanda ke riƙewa. A zaɓi 'yan dangin da ke reshen SOC1 da SVP don lokacin fure, da na reshen FRUITFULL da SHATTERPROOF don fashewar kwanso, a karanta jerinsu a ire-ire masu saɓanin hali, a ga ko akwai bambanci. Idan an samu, a haɗa iri biyun aure, a shuka jikokinsu ɗari ko fiye, a rubuta ranar furen kowanne da halin kwansonsa, a duba ko bambancin DNA ɗin yana tafiya tare da halin daga shuka zuwa shuka. A sa a rai cewa wasu dangogin, kamar na FT da na CONSTANS, suna da hannu mai ƙarfi a lokacin fure, don haka a saka su cikin waɗanda za a duba tun daga farko, a kuma shuka jikokin a damina biyu ko a wurare biyu kafin a rubuta sakamako.